WUTAR TSOHUWAR MOTAR GONA: YADDA A KE GANE CIWONTA, DA YADDA A KE GYARA TA

Ya ku manoma da dagatai da masu unguwanni, musamman mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni waɗanda gidajensu ke birni gonakinsu kuwa na ƙauye, wannan takarda taku ce. Kun san hanyar Zariya kamar yunwar cikinku, ita ce ke kai ku wajen Kura da Kadawa da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ba da noman rani. Amma kwalta tana da iyaka. Daga inda ta ƙare sai burji, daga burji sai yashi da taɓo da kwazazzabo, can kuwa ba kowace mota ke shiga ba. Wanda ya ke da tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu, shi ya san darajarta.

To, ku duba. Mutum ya tsinke tumatir tun da asuba, an cika kwanduna, an yi lodi, ya murɗa makulli mota ta ƙi tashi. Kafin azahar rana ta dafa masa kaya, wahalar wata uku ta koma abin da dillali ya ga dama ya taya. Ko kuwa cikin daren marka mace ta kama naƙuda mai wuya, ga mota a ƙofar gida, ga hanyar asibiti, amma ba hali. Sau da yawa abin da ya jawo wannan hasara bai kai girman ɗan yatsa ba.

Abin da mu ke so ku riƙe ke nan: a nemi abin da ya cinye a sāke shi tukuna, kāna a daidaita lokacin wuta. Wanda ya fara da murɗe-murɗe bai duba ba, gyaran gangar Abzinawa ya ke yi.

1. MOTOCIN DA MU KE NUFI

Land Rover, wadda jama'a ke kira Landiroba, an fara nuna ta ga duniya cikin 1948, a Ingila kuwa a ka ƙera ta. Cikin 1958 a ka fito da samfuri na biyu, tare da injin fetur mai silinda huɗu, mai cin lita biyu da kwata. Samfuri na uku ya fito cikin 1971, a ka yi ta yinsa har 1985. Mutanen Japan kuma sun yi tasu, watau Toyota Land Cruiser mai lamba 40, daga 1960 zuwa 1984, injinta na fetur silinda shida ne.

Waɗannan duka wutarsu ta dā ce, ta ƙarfe da waya, wadda mai hankali ya ke iya gyarawa a ƙarƙashin itace. Motocin yanzu na'ura ce ke lissafa musu lokacin wuta, injin gas kuwa ba shi da fulogi ko kaɗan. Maganarmu ba ta shafe su ba.

2. MENE NE LOKACIN WUTA?

A cikin inji akwai rami huɗu, su a ke kira silinda. Kowane rami yana da fistin mai hawa da sauka. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse ta, sa'an nan fulogi ya ƙyasta wuta, gaurayen ya kama, ƙarfinsa ya tura fistin ƙasa. Wannan turi shi ke juya ƙafafun mota.

Ramukan nan ba tare su ke aiki ba, bi da bi ne, kamar mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya. A Land Rover jerin shi ne 1, 3, 4, 2, a na ƙidaya daga ramin da ke kusa da lagireto. A Land Cruiser kuwa 1, 5, 3, 6, 2, 4. Kun sani in mace ɗaya ta saki taɓarya ba a kan lokacinta ba, ko dai taɓare su gwabza, ko hatsi ya zube. Haka inji ya ke.

Fetur ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci. Saboda haka a kan ƙyasta wuta daidai sa'ad da fistin ya ke gab da ƙololuwar hawansa, domin ƙarfin ya same shi yana fara sauka. In inji ya ƙara gudu, sai a ƙara gaggauta wutar. Wannan shi ne lokacin wuta, makanikai su na ce da shi tayimin. A na auna shi da digiri, watau an raba kewaya ɗaya ta inji kashi 360.

Mai kula da wannan aiki shi ne distiribita, wani ɗan tulu a gefen inji, mai baƙin murfi da wayoyi masu kauri su na fita daga kansa. A cikinsa akwai sanda mai juyawa, tana da tozo huɗu. Akwai kuma leɓuna biyu na ƙarfe, su a ke kira kwantak. Kowane tozo in ya zo sai ya ture dunduniyar kwantak, leɓuna su rabu. Rabuwar nan ita ke sa kwayil ya mai da ɗan ƙarfin batir ya zama wuta mai tsananin ƙarfi, rota ta karɓa ta miƙa wa fulogin da layi ya zo kansa.

Ku yi lissafi da kanku. Kowace kewaya ta inji mai silinda huɗu, kwantak ya kan buɗe sau 2. In inji yana kewaya 2,000 cikin minti ɗaya, tafiyar awa guda buɗewa 240,000 ke nan. Wane ƙarfe ne zai yi haka shekara da shekaru, cikin ƙurar hunturu, bai cinye ba?

3. ALAMUN CIWO

In wuta tana makara: mota ta kan yi nauyi kamar jakin da bai ƙoshi ba, ba ta hawa tudu, lagireto ya riƙa tafasa alhali kuwa akwai ruwa, fetur ya riƙa ƙarewa da sauri. Tun da a ka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, ba sai an gaya wa kowa ciwon wannan ba.

In wuta tana riga lokaci: wajen tayarwa inji ya kan yi tirjiya kamar batir ya mutu, in da handul a ke murɗawa ya kan mai da shi baya da ƙarfi, har ya karya wa mutum yatsa. Bisa tudu kuma a ji wata ƙara, kamar a na kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Kada ku raina ƙaran nan. In a ka bar ta, ta kan kai ga huda kan fistin, daga nan sai sauke inji.

In wuta tana yawo, watau yanzu gaba an jima baya: inji ya riƙa sassarfa in yana tsaye, salansa tana harbi, yau makanike ya daidaita, jibi ta koma gidan jiya. Wannan shi ne babban shaidar cewa wani abu ya cinye.

Mutane da yawa da sun ga haka sai su tasam ma kafireto. Ku yi haƙuri, ku fara da wuta. Duba wuta ba ya cin kuɗi, kwance kafireto kuwa ba dalili ya kan haifi sabon ciwo.

4. WURI BAKWAI DA ZA A DUBA

Kafin kome, a kashe makulli, a fid da giya, a ja birkin hannu, a sa dutse a ƙafa. A sami fenti ko ƙusa a yi zane a gindin distiribita ya haɗu da jikin inji, domin a san inda ya ke tun fari. Kada a cire wayoyin fulogi gaba ɗaya ba a sa musu alama ba.

Na fari, murfi da rota. A ɓalle maƙallai biyu, a buɗe murfi, a share shi da tsumma mai tsabta, a duba cikinsa a hasken rana. In akwai tsaga, ko wani baƙin zane siriri kamar sawun tururuwa, wuta tana bi ta nan tana ɓata, sai sabo. A tsakiyar murfi akwai ɗan gawayi bisa sifirin, a danna shi, ya kamata ya dawo. Da damina raɓa ta kan taru cikin murfi ta hana mota tashi da safe, maganinta shara kawai.

Na biyu, kwantak. A raba leɓuna da farce a duba fuskokinsu. Masu lafiya launin toka su ke, sumul. In ɗaya ta yi rami ɗaya ta yi tsini, ko sun ƙone sun yi shuɗi, an ci amfaninsu. A duba dunduniya kuma. Ita ce ke goga da tozo kullum, in ta cinye sai tazarar leɓuna ta ragu, in tazara ta ragu su kan buɗe a makare, wuta ke nan ta makara, ko da ba wanda ya taɓa kome. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, ita ce kuma mafi arhar magani.

Na uku, kwandansa, wani ɗan gwangwani kamar guntun rake ƙarami a gefen kwantak. Aikinsa hana tartsatsi cin leɓuna. In sabon kwantak ya ƙone cikin 'yan kwanaki, ko mota tana mutuwa in ta yi zafi, ta huce ta tashi, a tuhume shi. A duba kuma 'yar siririyar wayar nan da ke cikin tulu, gama ta kan karye daga ciki, rigarta kuwa lafiya lau.

Na huɗu, sanda. A cire rota, a kama kan sanda a girgiza ta gefe da gefe. In ta yi lako-lako kamar haƙorin tsoho, bushin da ta ke juyawa ciki ya cinye. Ga wata hanya kuma: a auna tazarar kwantak bisa kowane tozo, duka huɗun. In ba su zo daidai da juna ba, ko sanda ko tozo ya tafi. Ba daidaitawar da za ta zauna bisa irin wannan sanda. Sai a sa sabon bushin, ko a sāke distiribita.

Na biyar, ƙarafan nauyi. A ƙarƙashin faifan da kwantak ke zaune akwai ƙarafa biyu, kowanne da ɗan sifirin. In inji ya yi gudu su kan buɗe, su gaggauta wuta. A mai da rota, a murɗa ta da hannu wajen da ta ke juyawa, a saki. Ya kamata ta tafi kaɗan, ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, tsatsa da ƙura sun kama ta. In ta tafi ba ta dawo ba, sifirin ya saki ko ya tsinke.

Na shida, gwangwanin iska, wanda ke manne a gefen distiribita, da siririn bututu zuwa kafireto. A cire bututun daga wajen kafireto, a share bakinsa, a tsotsa. Faifan kwantak zai motsa. A toshe da harshe, in faifan ya tsaya, fatar da ke ciki tana da lafiya. In ya koma, ko a na ta zuƙar iska ba iyaka, fatar ta huje. Mota za ta yi tafiya haka nan, amma da ɓarnar fetur.

Na bakwai, sarƙar inji, wadda makanikai ke kira tayimin cen. A Land Rover, juyin da ke isa ga distiribita ta kanta ya ke biyowa. A sa sifana a babban notin gaban inji, a juya gaba har rota ta motsa, sa'an nan a koma baya a hankali a na duban rota. In sifana ta yi tafiya mai yawa rota ba ta ko motsa ba, sarƙa ta saki, ko haƙoran da ke juya sanda sun cinye. Wannan ba aikin gindin itace ba ne, a kai wa gwani.

5. YADDA A KE DAIDAITAWA

Bayan an sāke abin da ya cinye, sai a bi wannan jeri, kada a tsallake.

Tazarar kwantak ita ce farko. A juya inji har dunduniya ta hau bisa ƙoƙuwar tozo. A sassauta sukurun da ya riƙe kwantak, a zura ma'aunin nan mai siraran ganyayen ƙarfe. A Land Rover tazarar daga milimita 0.35 zuwa 0.40 ce, watau inci 0.014 zuwa 0.016. A Land Cruiser milimita 0.45. Ma'auni ya shiga yana ɗan gogawa, ba matse ba, ba sako-sako ba. A ɗaure, a sāke aunawa. A share leɓuna da tsumma, gama sababbi su kan zo da maiƙo.

A shafa wa tozo giris kamar ƙwayar gero, ba fiye ba. A ɗiga baƙin mai ɗigo biyu ko uku a kan sanda, ƙarƙashin rota. Mai in ya taɓa leɓuna ya kan ƙone su.

Sa'an nan fulogi. Tazarar bakinsa a Land Rover milimita 0.75 zuwa 0.80 ce. Katin banki na cirar kuɗi kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka in ba ma'auni a daji ya kan yi wannan aiki. Amma kada a auna kwantak da shi, ya yi kauri ninki biyu.

Yanzu sai lokacin wuta. A nemi ƙaramin ƙwan fitilar mota da waya biyu.

(1) A cire fulogi na 1, a toshe raminsa da babban yatsa, wani ya juya inji a hankali har a ji iska tana turo yatsa.

(2) A ci gaba da juyawa kaɗan kaɗan har alamar da ke bisa gargaren fanbel ta zo daidai da ɗan tsinin da ke gaban inji. A tsofaffin samfuri alamar tana bisa babban faifan bayan inji, a na leƙa ta ta wata 'yar taga. Inda a ka rubuta TDC, nan ne ƙololuwar fistin. Masu ƙera Land Rover sun ba da lambobi dabam dabam, daga digiri 6 kafin ƙololuwa zuwa digiri 3 bayanta, gwargwadon irin inji da kyan fetur. Wanda ba shi da littafin motarsa ya fara daga ƙololuwa. Ta Land Cruiser digiri 7 ce kafin ƙololuwa.

(3) A haɗa wayar ƙwai ɗaya da siririyar wayar da ta taso daga kwayil zuwa distiribita, ɗayar kuwa a jikin inji. A kunna makulli, ban da tayarwa.

(4) A sassauta maɗaurin gindin distiribita. A murɗa tulun wajen da rota ke juyawa har ƙwai ya mutu, sa'an nan a dawo da shi sannu sannu. Daidai inda ƙwai ya kama, nan ne leɓuna su ka rabu. A tsaya, a ɗaure. Rotar Land Rover tana juyawa saɓanin hannun agogo, amma kowa ya duba tasa da idonsa.

(5) A kashe makulli nan da nan. Barinsa a kunne inji ba ya aiki ya kan ƙone kwantak, ya dafa kwayil.

In inji ya tashi, a kiyayi fanka da hannun riga, kada kuma a kama wayar fulogi. Kada a ta da inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

6. GWAJI BISA HANYA

A bar inji ya yi ɗumi, a sami miƙaƙƙiyar hanya wadda ba cunkoso, ba cikin gari ba. A sa babbar giya, a na tafiya kamar kilomita 40 a awa, a taka totur har ƙasa. In an ji ƙarar tsakuwa ta ɗore, wuta ta riga, a mai da tulun baya kaɗan wajen da rota ke juyawa. In ba ƙara amma mota ta yi nauyi, a gaggauta kaɗan. Kaurin farce ya isa a kowane gwaji. Waɗansu distiribita su na da ɗan maɓalli a gefe da haruffa A da R, na gaggautawa da na jinkirtawa, da shi a ke yin wannan ƙaramin gyara. In an sami daidai, a yi sabon zane da fenti.

7. INJIN BAN RUWA

Masu noman rani su lura. Ƙaramin injin ban ruwa na fetur ba shi da distiribita. Maganaɗisu ne a jikin faifansa ke ba da wuta, wani ɗan guntun ƙarfe kamar jinjirin wata kuwa shi ke riƙe faifan daidai bisa sanda. In guntun nan ya yanke, faifai ya goce, sai a ga fulogi yana ba da wuta amma inji ya ƙi tashi, ko ya riƙa fizge igiya daga hannu. A sa sabo irinsa. Kada a sa ƙusa a madadinsa.

8. GA DAGATAI DA SHUGABANNIN ƘUNGIYA

Inda mota ta jama'a ce, ko ta ƙungiyar manoma, ku kuka fi kowa sanin cewa abin da ke na kowa ba mai kula da shi. Ga shawara huɗu.

A ɗora wa mutum ɗaya amanar motar, a ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar da a ka yi kowane gyara da abin da a ka sāke.

A duba wuta sau biyu a shekara ko da mota lafiya ta ke: kafin ruwa ya sauka, da kuma bayan kaka kafin jigilar kayan rani.

A ajiye cikin gwangwani mai murfi, a cikin mota: kwantak, kwandansa, rota, fulogi biyu, ma'auni, sukudireba, da ƙwan gwaji. Wanda zai sayo su a Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ya tafi da tsohon a hannu, da lambar da ke jikin distiribita, gama irinsu ba ɗaya ba ne. Araha ba ta ado: kwandansa marar kyau ya kan cinye kwantak mai kyau. In an sāke sabo, tsohon da ke aiki kada a yar da shi, wata rana shi zai kawo ku gida.

In an kai wa makanike, a tambaye shi cikin mutunci: me ka samu ya cinye? Ya nuna, ya kuma mai da tsohon. Makaniken kirki ba ya ƙin wannan tambaya.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da a ke sawa a gurbin kwantak da kwandansa, ba ta da dunduniyar da za ta cinye. Tana da amfani, amma ba ta warkad da saken sarƙa ko sifirin da ya tsinke, in ta mutu a daji kuwa ba a gyara ta. Wanda ya sa ta ya riƙe tsohon kwantak cikin gwangwaninsa.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa direbansa da maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu gida lafiya. Haza wasalam.